Ranar da Baba Tanko Ya Wuce Junaina

Jama'a, wannan ba a bakin wani na ji shi ba, wallahi a gaban idona ya faru, da rana kuma ido na ganin ido, a shekarun alif ɗari tara da sittin da wani abu, lokacin ina aiki a wani rubaɗi a unguwar Hindawiyya ta Jidda. Rubaɗi gida ne na wakafi don tsofaffin da ba su da kowa, namu kuwa duk alhazai ne 'yan ƙasarmu da suka zo da ƙafa tun suna da ƙarfi, komawa ta gagara. Ni ne mai dafa musu abinci, ni ne wanzaminsu, ni ne mai raba faɗa in dara ta yi zafi, kuma ba yabon kai ba, duk Jidda babu tsofaffin da suka kai nawa tsabta da walwala.

Da safe shayi da tamis, wato gurasar can, sai masu ido su hau ɗinkin hula, marasa ido su kama tufkar igiya, ana yi ana gardamar garin da ya fi iya tuwo. Abin da ya dame ni shi ne zama, mutum ya wuni kan tabarma har ƙafa ta kumbura, in ka ce ya tashi ya motsa ya ce kai yaro ne. Sai na yi musu dabara, na mai da tsakar gidan hanyar Makka. Bakin zaure Kano, gindin darbejiya Maiduguri, randar ruwa Junaina ta ƙasar Sudan, ƙofar madafi Madani, ita ma a Sudan, tankin alwala shi ne teku, ƙofar ɗakin salla kuma Jidda. Bayan la'asar su jeru da sandunansu, kowane zango a tsaya, mai labari a wurin ya bayar. Kai, ku zo ku ga tsofaffi ana rige-rigen isa Madani! Har daga wasu rubaɗan aka riƙa zuwa kallo, ni kuwa kaina ya kumbura.

Mutum ɗaya ne bai taɓa ƙarasawa ba, Baba Tanko, wani dogon Bakatsine makaho, wanda ni nake riƙe masa gaban sanda yana riƙe da baya. Kullum muka iso randa sai ya zauna. A Junaina matarsa Ladi ta rasu, nan ya binne ta. Ya ce mini, "Ɗana, na yi mata alkawarin kai ta Makka, sau ɗaya na wuce na bar ta, ba zan ƙara ba."

Ana nan sai ya daina cin abinci, ya mai da tabarmarsa gindin randar, ya rame kamar kara. Naziri, wato Balaraben da ke kula da wakafin, ya leƙo ya ce, "In bai ci ba zuwa Juma'a, halas, shi ke nan, sai asibiti." Hankalina ya tashi ƙwarai, don asibitin nan ba mai jin Hausa, kuma tsohon da muka kai ba ya dawowa. A ce Baba Tanko ya cika cikin baƙi, ko ruwa ya roƙa ba a gane ba? Na yi roƙo, na yi faɗa, na dama kunun tsamiya irin na garinsu, ko juyowa inda nake bai yi ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar, ayari ya kai Madani, ina ƙofar madafi, sai na ji dariyarsa. Ya ce, "Ke kuma sai yanzu? To yalla, mu je." Na waiwaya na gan shi tsaye, ya miƙa hannu, sandar nan a kwance cikin iska sambal, yana riƙe da baya, gaban kuwa ba kowa. Na rantse da Wanda raina ke hannunSa, jan shi ake yi, ni da nake wannan aikin kullum na san yadda kafaɗar makaho ke karkata in ana jansa. Na ruga zan kama gaban sandar, ta kauce wa hannuna, ya ce, "Matsa, ɗana, da mai ja."

Akwai benci a kan hanya, tun kafin ya isa sandar ta karkata ta kewaye da shi. Tsofaffi suka dare biyu, ba mai magana sai salati. Mutumin da ko zama sai an tallafe shi, ga shi yana sauri yana cewa, "A hankali mana, Ladi, ni na tsufa, ke ce ba ki tsufa ba." Da suka zo tanki ya tattare rigarsa kamar mai shiga jirgin ruwa. Yana isa ƙofar ɗakin salla gaban sandar ya faɗi ƙasa, ƙwas.

Na sunkuya na kama gaban sandar. Wurin da ɗumi, da danshi irin na tafin hannun da ya yi gumi. Baba ya zauna yana haki, hawaye na zuba, ya ce, "Mun iso. Kawo kunun nan, ƙoƙo biyu." Na kawo, ya shanye ɗaya, ɗayan na ajiye gefensa na bar wurin. Da na dawo ɗauka, ba ko ɗigo a ƙoƙon, wankewa kawai na yi, kada ku tambaye ni.

Naziri ya zo ya tarar da shi yana cin tuwo har da neman ƙari. Baba ya ƙara shekaru tare da mu, kuma da lokacinsa ya yi a cinyata ya cika, 'yan'uwansa tsofaffi kewaye da shi. Babu abin da nake alfahari da shi a rayuwata kamar wannan.

Wace ce ta ja sandar, Allah kaɗai Ya sani, amma har yau in na tuna ɗumin nan sai tsigar jikina ta tashi. Ku da ke kula da tsofaffi, in ɗayansu ya ce ga wani nan tsaye kusa da shi, kada ku yi masa dariya ko gardama. Ku yi bisimilla, ku matsa gefe, ku ba su hanya.