Jajen da kakata ta karɓa, ta'aziyyar da ta ƙi

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma ne a agogon mahaifina. Muna tsakar gida a Gafasa: kakata, mahaifina, matar baffana, sai ni. Shekarar farin nan ce ta farkon saba'in. Rijiyar unguwa ta koma laka, ungulaye sun cika kukar bayan gida. Wata bakwai ke nan da baffana ya kora shanunmu kudu neman ciyawa. Abokan tafiyarsa sun dawo, shi bai dawo ba.

Kafin in ci gaba, ka riƙe abu biyu. Na farko, jaje kalmarmu ce ta gida, ana yi wa wanda ya yi asara: gobara, sata, ɓatan dabba ko na mutum. A ce, Allah ya mayar da alheri. Na biyu, ta'aziyya daga Larabci ta zo, malamin allonmu ya ce ma'anarta ba da haƙuri, kuma mutuwa kaɗai ake yi wa ita. Gidan da ya amsa ta ya yarda an mutu ke nan. Mata ta shiga takaba, a raba gado.

Sai ga sallamar wani tsoho daga Toranke, taubashin kakata. Da can da tsokana yake shigowa. Ran nan ya tuɓe takalmi a hankali, ya zauna, ya ɗaga hannu biyu. Matar baffana ta saki taɓarya.

"Allah ya jiƙan..."

"Sauke hannunka, tsohon banza," in ji kakata. "Kai ka wanke shi?"

"A'a, Inna, a kasuwar Gaya na ji..."

"Ka ga kabarin?"

"Ban gani ba."

"To jaje ka zo yi. Yi shi, ka sha ruwa."

Ya dubi mahaifina. Mahaifina ya dubi ƙasa. Tsohon ya ce, "Allah ya bayyana shi." Kakata ta ce amin da ƙarfi, har awaki suka ɗago kai.

Haka aka yi ta zuwa. Duk wanda ya fara ɗaga hannu, tambayoyin nan biyu ke jiransa. Bayan shekara huɗu alƙali ya warware auren, matar ta koma gidansu a Balan. Har kakata ta rasu tana ware wa baffana hatsinsa a rumbu kowace kaka.

Yau saƙo ɗaya ake turawa ta waya, ko akuya ce ta ɓata ko uba ne ya mutu. Mu kuwa har yanzu ba mu amsa ta'aziyyar baffana ba, kuma ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san fuskarsa.

Dogo ne, fari, yatsansa na ƙarshe a hannun hagu guntu ne. In ka taɓa jin labarin irin wannan makiyayi a ƙasar kudu, ko kabarinsa aka nuna maka, don Allah ka aiko Gafasa ka faɗa.