Sandar da Yaya Ya Bar Min a Ƙofa

Yayana ya tafi aikin soja yana iya ɗaga buhun masara shi kaɗai. Ya dawo mana Kafur da ɓarɓashin ƙarfe a kwatangwalo, ko fartanya ba ya iya sunkuyawa ya ɗauka. Ga mata, ga yara ƙanana. Ya nemi fanshon waɗanda suka nakasa a bakin aiki, aka hana shi, wai likita ya ce lafiyarsa ƙalau.

Sai da na tsare shi da tambaya na gano dalili. Likitan ya ce masa yaya jiki, shi kuwa ya ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Haka aka tarbiyyantar da mu, ko hanjinka na waje amsar ke nan. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Muka ɗaukaka ƙara. Na riƙa zaunar da shi a zaure ina yi masa bita.

"Yaya, in sun tambaye ka, ka ce da ciwo. Ka ce ko ruku'u ba ka iyawa."

"To, malamin raki, na ji," in ji shi, yana dariya.

Ranar zama muka hau mota a Malumfashi. Duk ramin da ta faɗa sai ya damƙe gwiwata. Da aka kira shi, ya leƙa ya ga manyan hafsoshi jere cikin kaki. Sai kawai ya miƙo min sandar da yake dogarawa.

"Riƙe min."

"Yaya, don girman Allah!"

Ko juyowa bai yi ba. Ta taga na gan shi ya shiga ƙirji gaba, ya buga ƙafar nan mai ciwo a siminti, ya sara musu. Har yau ƙarar bugun nan ba ta bar kunnena ba.

Ya fito a miƙe, sai da muka sha kwana ya zube a jikina, rigarsa sharkaf da gumi.

"Ka gani?" ya ce, fuskarsa fal murna. "Ko ɗingishi ban yi musu ba."

Suka sake hana shi. Bai ga girbin baɗi ba. Yaransa suna hannuna, sandar tana jingine a bayan ƙofata, na kasa bayar da ita.

Safiyar da zai cika na shiga duba shi, na ce, "Yaya, ya jiki?"

Da ƙyar ya motsa leɓe. "Da sauƙi."

Na so in yi ihu. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah ya ƙara sauƙi."