Jan Ƙyalle a Kwandunan Arzika

Har yau ban manta da Juma'ar da Arzika ya kwance aikin hannunsa a gaban jama'a ba. Duk sa'ad da sababbin ma'aikata suka tambaye ni wace kariya ce ta fi arha ga ƙaramin itace, wannan rana nake fara tunawa. Bari in ba ku labarin daga farko, da yardar Allah.

A lokacin ni ke kula da pepiniya, wato lambun da ake renon itatuwa cikin baƙar leda kafin a kai su wurin dashe. A ma'aikatar daji akwai masu kaki, su ke da galon muƙami a kafaɗa da sa hannu. Mu na ƙasa da su aikinmu ƙasa ne da taki da ruwa. Shekarar da nake magana an ba mu aikin dasa dogon yaro a bakin kasuwar wani gari na yankin Geceme, daga rijiya har zuwa masallaci, don 'yan kasuwa su samu inuwa.

Ga wanda bai san aikin ba, dashe ba shi da wuya. Ana yin sa cikin Agusta, ƙasa da laima, dabbobi kuma a ɗaure saboda shuka. Wuyar tana zuwa bayan kaka, ranar da hukuma ta yi shelar a saki dabbobi cikin gonaki. Daga ranar duk wani ɗanyen ganye na akuya ne. Kafin ta zo dole kowane ɗan itace ya samu kariya. Griyaji, ragar ƙarfen nan, shi ya fi, amma yana da tsada, kuma yakan tashi daga wurin a same shi a akurkin wani. Karan gero dabba na cinye shi, abin da ta rage gara ta ƙarasa. Ƙaya iska ke kwashe ta. Saboda haka muka tsaya a kan kwando: a kafa turaku kewaye da itacen, a saƙa rassan geza a jikinsu har zuwa ƙirjin mutum, babu gindi babu marfi.

Mai saƙar da maigari ya nuna mana shi ne Arzika, dattijo mai yin rumbu da kujerun geza. Shi ne kuma ladanin masallacin kasuwa, shekaru da yawa. Gidansu gidan bori ne tun kakanni, kowa a garin ya sani. Shi tun yana saurayi ya bar wannan, ya ƙetara iyaka ya yi karatu, ya dawo ya kama masallaci. Ba ya son a tuna masa da asalin, kuma mutane sun daina tuna masa.

Saƙa ta yi kyau, sai matsalar ɗauri. Bakin kwando yana bukatar a ɗaure shi da turaku, in ba haka ba akuya ta dafa ta ture. Waya ba mu da ita, igiyar kaba kuwa jakuna na tauna ta. Arzika ya ce a bar masa. Ya je shagon wani saurayi tela, Sanusi, ya roƙi tarkacen ƙyallen da ake sharewa a zubar. Aka cika masa buhu. A makon nan shagon ya gama ɗinka ankon biki, ja da baƙi, don haka buhun kusan duk ja ne da baƙi. Ya murza su igiya, ya ɗaure kwandunan tamau, bakin igiyar yana lilo. Da na zo dubawa na girgiza kowane kwando, ko motsi. Na yaba, na hau moto, wato babur, na koma. Ni mutumin gabas ne, ba a Arewa, wato ƙasar su Arzika, aka haife ni ba, launin bai ce mini komai ba.

Aka saki dabbobi, rani ya shigo. Da na sake zuwa sai na tarar da abu biyu. Na farko, babu kwando ɗaya da aka taɓa. A sauran garuruwa mun saba a zare geza a kai murhu, a nan ko tsinke bai ɓata ba, makiyaya ma suna kewayewa da bisashensu ta bayan kasuwa. Na biyu, ƙasar cikin kwandunan ta bushe ta tsage, ganye ya fara zuba. Matan da suka ɗauki nauyin ban ruwa sun daina. A gindin kwandon da ke kusa da rijiya na ga 'yar ƙwarya da sauran hura a ciki.

Na tambayi shugabar matan. Ta gyara lulluɓi ta ce, "Malam, mu ba mu shiga tsakanin Arzika da mutanen gidansu. Wanda ya ɗaura ja da baƙi ga icce ya san wa ya ba shi. Ɗiyata na da ciki, ba ta zuwa wurin da bokiti."

A nan aka fahimtar da ni. A ƙasar nan itacen da aka ɗaura wa irin wannan ƙyalle an ba iskoki ne, ba a kusantar sa sai mai shi. Da wani ne ya ɗaura, da an ce rashin sani. Amma Arzika ne.

Na same shi a rumfarsa yana fere geza. Lokacin Azahar ya yi, sai na ji wata murya daban a lasifika.

Na ce, "Malam Arzika, yau ba kai ba?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Samari sun ce in huta har a bincika. Sun ce wanda ya kafa wa doguwar bori layi daga rijiya har ƙofar masallaci bai kiran mutane salla."

"Ai ƙyallen shagon Sanusi ne."

"Sanusi na cikinsu. Ya ce shi shara ya ba ni, bai ce in zaɓi launi ba."

Na kai wa shef, shugabanmu a ma'aikata, rahoto kamar yadda tsari yake. Mutumin kirki ne, amma ya gaji da rubuta cewa itatuwa sun mutu. Ya saurara, ya yi dariya, ya ce, "To ai ka samo mana gadi kyauta. A bar ƙyallen. Ruwa kuwa mu nemi mai amalanke daga wani gari."

Na ce, "Shef, in an bar shi, ma'aikata ta sa hannu ke nan cewa Arzika ya yi abin da ake faɗa. Ni kuma ba na son in tsare itace da tsoron wanin Allah."

Sai ya ce, "In an cire aka sace kwandunan fa?"

Na ce ban sani ba. Ya ce in je in yi yadda na ga dama, amma bayani a ƙarshen rani ni zan yi.

Na koma ranar Juma'a da igiyar roba da na yanka daga tsohon tib ɗin taya, da niyyar in canza ɗaurin da kaina. Arzika ya hana. Ya ce in baƙo ya cire, za a ce an rufa masa asiri ne.

Da aka sallame, jama'a na fitowa, ya tsaya a kwandon farko ya fara kwancewa. Mutane suka taru nesa kaɗan. Ana cikin haka sai ga gwaggonsa, ƙanwar mahaifinsa, tsohuwa mai dogara sanda, wadda har lokacin ita ke riƙe da kayan borin gidansu. Ta matso ta ɗauki igiyar ta juya ta, ta yar.

Ta ce, "Wanga shi ne anka ce an ba iska? Sharar tela, har da zare na lilo? Mu in za mu ba da tufa sabo muke saye, a ɗinke baki. Ɗan ga ya bar mu tun ba ku da haƙora, ko gaisuwa sai da salla. Ku bar jingina muna shi."

Wani ya ce, "To hurar da anka aje fa, Gwaggo?"

"Ku tambayi matanku masu tsoro. Ni ba ni ɓarnar hura."

Aka yi dariya, har cikin samarin. Arzika bai yi ba. Ya ci gaba da kwancewa har ya kai rijiya, ya tara igiyoyin ya ajiye a gaban Sanusi, ya ce ga shararsa, ya gode. Sannan ya juya ga jama'a.

"Na kwance. Ni ba ni ƙara ɗaurawa, hannuna ya zama abin zargi. Awaki kuwa ga su can suna kallo. Wanda ya san hannunshi na da tsarki, ga kwando, shi ɗaure da abin da ya yarda da shi."

Ya tafi rumfarsa. Kwandunan suka tsaya a sake, wata akuya har ta fara shinshinar na bakin hanya. Limamin masallacin, saurayi ne mai shago, ya dubi Sanusi, Sanusi ya dubi ƙasa. Limamin ya karɓi roba a hannuna ya durƙusa ya ɗaure na ƙofar masallaci. Sanusi ya ɗaure na biye, bai iya ba, sai da na riƙe masa turke. Mahauci ya kawo tsirkiyar fata. Wani makiyayi ya kwance igiyar maraƙi. Kafin La'asar an ɗaure mafi yawa, kowanne da irin nasa ɗaurin, ba mai kyan gani ba.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne, tunda kowa ya ga wanda ya ɗaure kowane kwando, sai sunan ya bi itacen. Aka koma cewa na liman, na mahauci, na tela. In na mahauci ya yi yaushi, a kasuwa za a ce masa, "Sarkin fawa, ɗanka na jin ƙishi." Ruwa ya dawo. Waɗanda ba su samu mai ɗauri ba a ranar, na ɗaure su da roba, su ne aka zare gezarsu kafin bazara, akuya ta gama da su. Wasu kuma ƙishin farko ya riga ya kashe su. Haka na faɗa wa shef, bai ji daɗi ba, bai kuma yi faɗa ba.

Arzika ba a zo an ba shi haƙuri a fili ba. Kiran Asuba aka fara mayar masa, don dama babu saurayin da ke gardama a kan wannan. Sauran suka biyo a hankali.

Abin da na ɗauka daga wurin, kuma nake faɗa wa na bayana: kafin ku kafa wani abu a garin mutane, ku tambayi tsofaffinsa abin da idonsu zai gani a jiki, har launin igiya. Kuma kada ku ɗaure kwando da hannunku in akwai ɗan gari a tsaye. Geza da roba akuya kawai suke tarewa.

Bara na bi ta garin ranar kasuwa. Masu sayar da goro suna zaune ƙarƙashin itacen tela, ya fi duka girma. Arzika ya tsufa, yana saƙa a inuwar na liman. Na tambaye shi ko akwai itacen da ake kira da sunansa. Ya ce babu, kuma bai nema ba. Sai ya duba rana, ya ajiye wuƙa, ya tashi ya nufi lasifika.