Rariyar da Ladan Ya Ɗaura

Shekara goma sha bakwai Ladan mai walda yana ƙera injin tace riɗi a rumfarsa da ke Gumel. Daga Gagarawa har Sule Tankarkar, duk dillalin da injinsa ya yi gardama, Ladan yake kira. Da wannan yake taƙama a duniya, kuma ya isa, don tun bai kafe babur ba kunnensa ke gaya masa inda ciwon inji yake.

Mutum ɗaya ne ya tsaya masa a rai, Abduljabbar. Benci ɗaya suka zauna a difloma, Ladan ma ya fi shi lissafi. Sai mahaifin Ladan ya rasu, ya dawo riƙon gida, shi kuwa gogan ya zarce jami'a, har ga shi yana digiri na biyu, wai a kan injinan da ke aiki da kansu. In aka ambaci sunansa a majalisa, nan take Ladan zai tuna ya bar aiki a rumfa. Matarsa Zuliha ta taɓa ce masa wannan fa hassada ce tsagwaronta. Kwana biyu ya yi yana cin abinci a kasuwa.

Rannan sai ga Abduljabbar da takardun zane, yana so Ladan ya haɗa masa ƙarafan injin da zai kammala karatu da shi. Injin yana da wani ɗan ido na gilashi mai hango datti a cikin riɗi ya hure shi waje. In ya yi aiki, wa zai ƙara neman Ladan? Ya daure ya tambaya da wane riɗi aka gwada idon. Abduljabbar ya ce na kanti, wanda ake sayarwa a leda.

Dariya ta kusa kuɓuce wa Ladan. Riɗin kanti! Manomin yankin nan a gona yake kife dami ya kakkaɓe, abin da ya zube a ƙasa ya share da tsintsiya ya haɗa, yashi da komai. In ba rariya a gaba, idon nan minti biyar ba zai yi ba ƙura ta rufe shi. Ladan ya ja bakinsa ya yi shiru, ya yi waldarsa tsaf.

Ranar kasuwar Maigatari aka yi gwajin, ga malaman jami'a biyu, ga dillalai da shugabansu Alhaji Manu. Aka juye buhun Gagarawa. Injin ya ɗan yi abin kirki, daga nan ya rikice, ya shiga feso riɗi mai kyau a ƙasa yana tara tsakuwa a buhu. Daɗi ya kama Ladan har cikin ƙashinsa, ba ƙarya.

Abduljabbar ya waiwayo, gumi sharkaf, a gaban kowa ya ce, “Ladan, don Allah zo ka duba. Ka fi ni sanin riɗin nan.”

Shekara nawa yana jiran ya ji wannan magana? Kansa ya fasu, ya ma manta dalilin shirunsa. Ya ciro rariya daga akwatin babur, ya ɗaure ta da waya a bakin mazurari, ya goge idon da gefen rigarsa, yana yi yana wa malaman bayani da ƙarfi don dillalai su ji. Injin ya tashi sumul, riɗi na zuba fari tas, ba mai taɓa shi.

Malaman suka yi rubuce-rubuce suka miƙa wa Abduljabbar hannu. Alhaji Manu ya ce a ƙera musu guda shida kafin kaka, sannan ya dafa kafaɗar Ladan.

“Sannu da ƙoƙari, Ladan. Tsofaffin injinan nan naka uku da ke sitona, ka turo a kwashe, ko ƙarfen zai yi maka amfani.”