Sunan da Sajan bai rubuta ba

Sajan ya rasu. Da safen nan aka kira ni daga Xintang, garin masu ɗinka jins da ke gefen Guangzhou, ina tsaye bakin ofis da mukulli a hannu. Ɗan Chinan da ke ɗinka masa wandunan jins ne, ya ce jiya da yamma abokina ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar shagonsa, an kai shi asibiti, rai ya yi halinsa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Masu zuwa saro kaya Guangzhou daga Kano ko Maraɗi, kun san shi ko ba ku taɓa gaisawa ba. Dogon dattijon nan mai furfura da ke ratsa titin Liuhua ƙirji a gaba kamar mai fareti. Malam Iliya sunansa, amma kowa Sajan yake ce masa, don ya daɗe yana aikin soja a Amurka kafin ya ajiye kaki ya kama harkar jins.

Ni aikin kago nake yi, ina tura wa mutane kayansu gida. Shekarata shida a garin nan, iyalina suna Kano. Duk wanda na sani baƙo ne, ya zo ya yi sati biyu, ya loda kwantena, ya kama gabansa. Sajan ne kaɗai ba ya tafiya.

Shi ya nuna min inda ake sayar da taliyar halal a satina na farko. Shi ya koya min cewa in mai shago ya ce "meyo", wato babu, kada in juya, in zauna in sha shayinsa, kayan na nan a ciki.

Da zazzaɓi ya kwantar da ni, sai ga shi da tuwon shinkafa da miyar kuka da ya dafa a tukunyar lantarki. Tuwon duk gudaji. Na ce masa Allah ya so sojojin Amurka da ba a ba shi kicin ba. Ya ce in cinye, oda ce.

Kuma mutum ne mai takura, gaskiya ɗaya ce. Ka makara minti biyar, ya tafi ya bar ka. Mun sha yin faɗa a kan wannan.

Akwai abin da ya ba ni amana, yau zan faɗa, Allah ya yafe min.

A Amurka, sojan da ya cika wasu shekaru yana da haƙƙin karatun jami'a, gwamnati ke ɗaukar nauyi. In ba ya so ya yi da kansa, yana iya mayar wa matarsa ko 'ya'yansa. Sharaɗin shi ne ya rubuta sunayensu tun yana cikin kaki, ya kuma ƙara wasu shekaru a bakin aiki. Sajan ya ƙara shekarun, gwiwarsa na ciwo. Ya rubuta 'ya'yansa maza biyu da aka haifa a can.

Amma yana da 'yar fari a Kano. Tun da aka yaye ta ya ba wa yayansa riƙo, kamar yadda ake yi a gidajenmu. Yayan take kira Baba, shi kuma Baffa. A makaranta ma sunan yayan take amsawa.

Ya ce min ma'aikaciyar da ke karɓar takardun ta yi masa bayani filla-filla, har sau biyu ta tambaye shi ko 'ya'yan ke nan. Ya ce su ke nan. Kunyar 'yar fari ce, wadda ko sunanta ba ya faɗa, ga kuma kara. A ganinsa, rubuta ta a takarda a matsayin tasa tamkar ƙwace abin da ya riga ya ba Yaya ne.

Ashe ita ce mai kan karatun. Likita take son zama. Da ta ji ƙannenta na jami'a da haƙƙin mahaifinsu, sai ta turo masa saƙo layi ɗaya: "Baffa, ni ba a sa ni ba?"

Ya koma ofishin takardun da sauri, amma ya riga ya yi ritaya, ƙofa ta rufe. Ita kuma tun daga nan ba ta ƙara ɗaga wayarsa ba.

Ranar da ya ba ni labarin na yi masa tatas. Na ce kunyar me ake ji a gaban Baturiya da takarda? Mutumin da ya je fagen yaƙi ya dawo, alƙalami ne ya gagare shi? Shi dai ya ci gaba da juya cokali a kofin shayi. Har yau ina jin nauyin maganar nan.

Abin da ya kawo shi China ke nan da tsufansa, ya bar matarsa da samarinsa a Amurka. Karatun likitancin da take yi a gida, shi ke ɗaukar nauyinsa, amma komai ta hannun Yaya yake bi, a matsayin Yaya ne ya yi. Na sha ce masa ya gaya mata. Sai ya ce in ya faɗa ya ci fuskar wanda ya raine ta.

Juma'ar da ta wuce muka haɗu na ƙarshe. Bayan masallaci muka ci taliyarmu, ya raka ni ofis da wani ɗan kwali a hammata. Ya ce bana "yarinyar gidan Yaya" za ta gama, ya sa an ɗinka mata farar rigar likitoci a Xintang, in saka a kaya na gaba. Ya rubuta adireshin gidan a bayan kwalin. Da ya kai ƙofa ya juyo.

"Ka lallaɓa min shi, Sani. Kada a danne shi da kayan mutane."

Na ce to, ina ta danna waya. Ko ɗaga kai ban yi ba.

Ɗazu na buɗe kwalin. Na san ba hurumina ba ne, amma ba ni da wanda zan zauna da shi in yi kuka a garin nan, sai wannan kwalin. A kan aljihun rigar an yi aiki da shuɗin zare: Dakta, sai sunanta, sai Iliya.

Shekara shida muna tare, yau na fara sanin sunanta.

'Yata, ban san ko rubutun nan zai iso gare ki ba. Ba zan sa sunanki a nan ba. Mahaifinki bai manta da ke ba, kuskure ya yi, ya kuma ƙarar da sauran ƙarfinsa yana gyarawa a ƙasar da ba ya jin yarenta. Baban da ya raine ki ya yi haƙuri da ni, ba don in rage masa komai na faɗa ba. Rigar ba za ta shiga kwantena ba, da hannuna zan kawo miki.

Muna jiran takardun asibiti. Da alama a nan za a yi masa sutura, mu 'yan kaɗan da muke nan.

Allah ka jiƙan bawanka Iliya, ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa, ka ɗebe masa kewa a ƙasar baƙunta. Ka sanyaya zuciyar 'yarsa.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, ko da Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya ce. Sahunmu a nan ba zai yi tsawo ba, ku cika mana shi daga inda kuke.