Ɗan Kawuna Ya Zama Farfesa

Ni da ɗan kawuna benci ɗaya muka zauna a firamaren Ketare, kuma duk wanda ya san mu a lokacin zai shaida ni ne mai hannu. Ni nake kwance rediyon Baba in mayar da ita, shi kuwa sai kallo. Da muka gama sakandare a Ƙanƙara ya samu gurbin karatun injiniyan lantarki a jami'a, ni kuma rashin lafiyar Baba ta tsare ni a gona. Daga baya na buɗe rumfar gyara a kasuwar 'Yankara.

Labarinsa a bakin mutane nake ji. Ya yi digiri na biyu, an ɗauke shi koyarwa, ya fita waje ya dawo Dakta. Kowanne aka kawo mini sai in ce "Masha Allah", amma ranar tuwo ba ya shiga. Da ya zama Farfesa, wani direba ne ya faɗa mini ina tsakiyar aiki, har na ƙone yatsa ban sani ba.

Bayan Sallah ya zo gaida mahaifiyata. Aka yi dace fankarta ta tsaya, wadda ni na haɗa mata da sola. Na ɗauko kayan aiki ke nan ta ce, "Kai, dakata mana. Ga masu abin sun zo."

Ya tsuguna da shaddarsa, ya daɗe yana bin wayoyin da ido. Ya ce, "Gwaggo, wa ya yi wannan haɗin?"

"Ɗan'uwanka."

"To ni ba ni da abin cewa. Ɗalibaina da yawa ba za su iya shi ba."

Da ya kushe da na fi jin daɗi, don da na samu abin riƙewa. Waya ce ta saki, na ɗaure ta, fanka ta tashi. Washegari na ji Inna tana gaya wa maƙwabta Farfesa ya gyara mata.

Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce in zo in ga ɗakin gwajinsu, akwai na'urorin da ya san zan so. Na ce sai bayan damina. Damina uku ke nan yanzu. Yana kira yana tuna mini, ni kuma ina cewa aiki ya yi yawa.