Ranar da Ƙanina Ya Roƙi Sunana

Shekarun baya ƙanina ya zo har Belbeji ya roƙe ni in bar masa sunana.

Ba cikinmu ɗaya ba. Ɗan ƙanin mahaifina ne, maraya, a gidanmu ya tashi. Muna yara aka zo ɗaukar 'yan lakwal, wato makarantar boko, a ƙauyenmu. A lokacin mutane na ɓoye 'ya'yansu. Inna ta jefa ni cikin rumbu, aka tura shi. Na yini ina gumi ina dariya, wai na tsira. Ni na bi awaki, shi ya bi boko har ya zama malamin jami'a a Damagaram. Kwamfuta yake koyarwa, yadda ake tara bayanan mutane a cikinta, yana kuma zagaya makarantu yana duba yadda malamai ke koyarwa. Iyakar abin da na sani ke nan.

Ya same ni a kasuwar dabbobi, ya ja ni gefe. Mutum mai mota, ya durƙusa cikin kashin awaki.

"Yaya, na ji za ka je a ɗauki hotonka da yatsunka, a yi maka katin ɗan ƙasa."

"E. Sai me?"

"Kada ka faɗi sunanka."

Na ɗauka rana ce ta buge shi. Ya ce ranar da aka ɓoye ni, ni aka zo nema. Da mushe, wato malamin lakwal, ya kira sunana, mahaifina ya tura shi gaba ya ce ga shi. Tun ranar da sunana yake karatu, da sunan ubana, da na Inna. Duk digirinsa haka suke. Ɗalibansa da sunana suke kiran sa.

Sai da na dafa turke.

"Na san injin nan, Yaya, shi nake koya wa yara. In ya ga mutum biyu, suna ɗaya, uwa ɗaya, uba ɗaya, gari ɗaya, sai an bincika. Za a ce takarduna na jabu ne. Aikina ya tafi."

"To ni in zama wa?"

"Ka zama ni."

Na tafi gida na tambayi Inna. Tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Ai mun ɗauka shekara guda za su riƙe shi su sako. Wa ya san boko ba ya ƙarewa?"

Na sha fari, na ga garkena ya mutu a gabana, ban girgiza haka ba. Ban damu da sunan kaina ba. Na uban ne ya yi mini nauyi. Amma ƙanin nan shi ya ɗauki Inna zuwa asibiti aka yi mata aikin ido, kuma 'ya'yana biyu suna karatu a gidansa.

Na je wurin yin katin, na ba da sunan ƙanina. Ma'aikacin ya ce, "Sunan mahaifi?" Na faɗi sunan baffana.

Ban riƙe kowa a zuciya ba. Tsoro ne ya sa iyayena yin haka, shi kuma yaro ne aka tura.

Shi yana Damagaram, an ƙara masa girma. Ni ina Belbeji da awakina. In na je asibiti aka kira sunan da ke kan katina, zaune nake, sai na kusa da ni ya taɓa ni ya ce, "Malam, ba kai ba ne?"